Naman da Na Ce a Rufe

Ina cikin shekarata ta biyu da fara aikin duba-gari abin ya faru. Yaran yanzu ba su san duba-gari ba, sai dai su ji a bakin kakanninsu. Mu ne masu gajeren wandon kaki da doguwar safa, muna bin gida-gida a cikin birni da ludayi a hannu. Mu yi sallama, matan gida su shige ɗaki, mu tsoma ludayi a randa mu ɗaga mu duba ko akwai 'ya'yan sauro, mu leƙa masai, mu bi kwata har bakin titi. In mun ga abin da bai yi mana ba, mu rubuta sammaci. Ba mai ƙaunarmu a garin nan, ni kuwa ko a jikina. Shekarata ashirin da 'yan kai, na fito daga makarantar koyon aikin tsabta da takarda a hannu, ina jin duk faɗin Kano ba wanda ya kai ni sanin abin da ke kashe mutane.

Abin da na sani ɗin kuwa bai taka kara ya karya ba. Na san ƙuda, na san sauro, na kuma riƙe magana guda kamar karatun sallah: wuta tana kashe ƙwayar cuta. Ruwan rijiya, a tafasa. Nono, a tafasa. Tsumman jariri, a tafasa. Na yi ta faɗa har aka gaji da ni. In na wuce dattawan unguwarmu ta Yakasai suna zaune a dakali, sai in ji wani ya ce ƙasa-ƙasa, "A tafasa," sauran su tuntsire da dariya. Ni a lokacin gani nake jahilci ne ke damunsu.

A gidan Gwaggo nake zaune. Yayar mahaifina ce, ita ta ɗauke ni tun ranar da aka yaye ni, ban san wata uwa ba sai ita. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, ba ta kuma sake aure ba. Sana'arta girkin taro. Suna, biki, saukar karatu, sadakar arba'in, duk gidan da ake son a fita kunya ita ake aika wa, daga Yakasai har Jakara. Ba ta da wata dukiya sai wannan suna. Kuma fiye da daɗin miyar, abin da take tinƙaho da shi tsabta ce. Tukunyarta sai ta sha toka da yashi kafin ta hau murhu. Takan ce shekara talatin tana girki, ba a taɓa tsintar gashi ko tsakuwa a abincinta ba, kuma ban taɓa jin wanda ya ƙaryata ta ba. Ranar da na fara aiki, ita da kanta ta buɗe mini randarta ta ce, "Bismilla, Malam duba-gari, fara da tawa. In ka sami ko ɗaya ka kai ni gaban alƙali." Na tsoma ludayi sau uku ban sami komai ba.

Akwai wani attajirin fata a layinmu, gida uku tsakaninmu da shi, wanda ya tafi Makka ta ƙasa, ta Barno ta Sudan, ya fi shekara ba a gan shi ba. Ana tsakiyar bazara, zafin nan da ko ƙadangare ba ya son fita, aka bugo waya cewa ranar Lahadi da la'asar Alhaji zai shigo gari. Uwargidansa ta aiko wa Gwaggo. Ranar Lahadi da sassafe aka kayar da raguna biyu.

Gwaggo tana da yadda take yin naman taro, wanda ba kowa ke yi ba. Ba ta zuba nama da ƙashinsa a miya. Sai ta dafa shi ya yi laushi, ta tsame ya sha iska, sannan ta zauna ta bi shi da hannu, tana zare ƙashi da jijiya, tana yaga shi daidai loma, tana tarawa a babbar tasa. Sai an kusa ci take juye shi cikin miyar taushe. Ta ce ta haka tsoho marar haƙori da saurayi kowa zai ci daidai, ba kuma mai tashi yana ƙunƙunin an ba shi ƙashi.

A makon nan ɗan-karkare ya kama ta a babban yatsanta na dama, gefen farce ya kumbura ya tara ruwa. Ta sa masa lalle ta naɗe da tsumma. Na gan shi da idona da safen nan za ta fita, har na tsokane ta na ce yau Alhaji zai sha miya da lalle. Ta ce in kama gabana. Ban ga wani abin damuwa ba, don a karatun da na riƙe ba a yi zancen yatsa ba, ko kuma an yi ina gyangyaɗi.

Bayan azahar wani direba ya kawo labari cewa motar su Alhaji ta lalace a bayan Potiskum, sai gobe in Allah ya kai mu. Nama kuwa an riga an gama yagawa, ga shi tuli a tasa. Nan gardama ta tashi a cikin gida. Gwaggo ta ce a ɗora mai yanzu a soye shi ƙarau kamar naman Sallah, a rarraba wa maƙwabta, gobe a yanka wani. Uwargida ba ta so ba. Ta ce mijinta ya rubuto a wasiƙa ba abin da yake marmari kamar taushen Gwaggo, kuma waɗannan raguna ita ta yi kiwonsu da sunansa. Da abin ya ƙi ƙarewa sai wata ta ce ai ga mai ilimin abin nan kusa, a kira shi mana.

Na zo na tsaya a soro, Gwaggo ta fito ta same ni, sauran mata suna bayan ƙofa suna saurare. Sanin suna saurare shi ya ƙara kumbura mini kai.

"Ni dai tun da nake," in ji Gwaggo, "ban taɓa kwanar da naman da na riga na yaga ba, balle a wannan zafi."

Na ce, "Gwaggo, ƙuda ne ke lalata nama. A kife shi da faifai, a ɗaure da tsumma mai tsabta, a kai ɗaki a rufe ƙofa. Gobe a juye a miya a bar ta ta tafasa sosai. Ko da wani abu ya shiga, wuta za ta kashe shi."

Ta dube ni ta ce, "To, Malam duba-gari ya yanke hukunci."

Na ce, "Ba hukunci ba ne, Gwaggo, ilimi ne."

Haka na ce mata, a gaban matan mutane. Har yau in na tuna wannan kalma sai in ji kamar in mari kaina. Ta juya ta koma ciki. Aka yi yadda na ce, aka ɗaure tasar nan tam da sauran ɗuminta, aka kai ta ɗakin ajiya wanda ko taga ba shi da ita.

Da safe Gwaggo ta kwance, ta sunsuna, ta ba uwargida ta sunsuna. Ba wari, ba yauƙi, nama kamar yanzu aka sauke. Ta juye a miya ta tafasa shi fiye ma da yadda na ce. Alhaji ya iso kafin azahar, ya rame ya yi baƙi, ana ta rungumarsa ana shafa rigarsa. Aka yi sallah aka fito da akusa. Na tashi daga aiki da wuri don kada in rasa, na kuwa ci na ƙara, ina gaya wa na kusa da ni cewa da ba don ni ba da yanzu soyayyen nama muke tauna. Gwaggo ba ta ci ba. Litinin ce, ita kuwa ta yi shekaru ba ta shan azumin Litinin da Alhamis, ko gishirin miyar ma uwargida ce ta ɗanɗana mata.

Ba a kira la'asar ba aka fara. Ni miyau ne ya fara cika mini baki, sai ciki ya murɗa, kafin in kai gida na durƙusa a bakin kwatar da na duba da kaina kwana uku da suka wuce. Amai kamar zan fitar da hanjina, ga gudawa. Da na ɗago sai na ga ba ni kaɗai ba ne, duk layin kowa ya kama bango. Limaminmu a raka'a ta biyu ta sallar la'asar ya ja wani gaba ya fita. Mutum wajen ashirin muka kwanta, har da mata a cikin gida. Abin mamaki, ba wanda ya yi zazzaɓi, kuma washegari da hantsi yawancinmu mun miƙe, sai dai jiri da kunya. Alhaji ne kawai, da yake hanya ta riga ta cinye shi, ya yi kwanaki bai fito ba.

Ban san bakin da maganar ta fara fita ba. Zuwa Talata da yamma dai ta gama unguwa: nama bai yi wari ba, an tafasa shi a gaban kowa, to me ya kayar da mutane in ba an zuba wani abu ba? Kuma me ya sa mai girkin ita kaɗai ba ta ci ba? Sai aka tuno wata tsohuwar rigima, shekara bakwai baya, kan indararon gidan Alhaji da yake zuba a katangar wani ɗaki da Gwaggo ta gada. Rigimar da aka kashe da goro tun tuni, ita aka tono aka ce ga dalili. Wasu ma suka ce dubi mugunta, ko ɗan da ta riƙa ba ta ƙyale ba. Ba wanda ya faɗa a gabanta, amma kalmar ita ce sammu.

Ranar Laraba gidan da za ta yi wa girkin suna suka aiko cewa ta huta, sun sami wata. Tuwon da ta saba aika wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu kullum ya dawo a rufe yadda ya tafi. Gwaggo ta yafa mayafi ta je wurin liman ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Liman ya ce a'a, ba a kai nan ba, ta yi haƙuri. Da ya bar ta ta rantse ma da ya fi, don hana ta da ya yi sai aka ce tausayinta ya ji kada Alƙur'ani ya ci ta. Ta dawo ta zauna a ƙofar ɗaki. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce mini kai ka ja ba. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban san da wa zan yi faɗa ba, don ni kaina na kasa gane abin. An rufe, ƙuda bai taɓa ba, an tafasa.

Ranar Alhamis na hau keke na tafi wurin tsohon malaminmu na makarantar tsabta, wani dattijo marar yawan magana da ya yi aikin asibitin soja lokacin yaƙi. Na kwashe labari na gaya masa. Bai yi mamaki ba ko kaɗan, tambayoyi kawai ya shiga yi mini. Awa nawa tsakanin ci da amai? Na ce biyu zuwa uku. An yi zazzaɓi? Na ce a'a. Bayan an dafa naman, an taɓa shi da hannu? Na ce an yaga shi duka. Ya ce, "Mai yagawar tana da ƙurji a hannu?"

Na tuna yatsan Gwaggo naɗe da tsumma. Sannan na ce, "Ɗan-karkare, Malam."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a ƙurji da maruru da ɗan-karkare, har a hancin mai lafiya ana samunta. In ta faɗa dafaffen nama mai ɗumi, aka kuma rufe mata, sai ta kwana tana hayayyafa tana zubar da dafi a ciki. Da safe kun tafasa, kun kashe ta murus, wannan gaskiya ne. Amma dafin da ta riga ta zubar yana nan, tafasar tukunya ba ta yi masa komai. Ba ya wari, ba ya ɗaci. Shi ya sa bai jira an kwana ba. Ba ƙwaya kuka ci da za ta tsaya ta yaɗu a cikinku ba, gamammen dafi kuka ci. Da ciki ya fitar da shi kuma shi ke nan."

Na ce, "Amma Malam, kai ka koya mana wuta tana kashewa."

"Na ce tana kashe ƙwaya. Ban ce tana kashe duk abin da ƙwaya ta ajiye ba. Wani dafin wuta tana lalata shi, wannan kam ba ta iyawa. Maharbi ma ai a kan wuta yake haɗa dafin kibiyarsa." Ya ci gaba da cewa cututtuka da dama da muke tsoro ba ƙwayar ce da kanta take kisa ba. Ta sarƙe-haƙora tana zaune a cikin rauni a tafin ƙafa ba ta gusawa, dafinta ne ke bin jijiya har ya ɗaure muƙamuƙi. Ta mashaƙo a maƙogwaro take tsayawa, dafin ya tafi ya taɓa zuciya. Ya ce duk ya faɗa mana wannan a aji, rabin da ya fi sauƙin haddacewa muka ɗauka.

Na tambaye shi, da an soya naman a ranar kamar yadda tsohuwar ta ce fa? Ya ce da wuya wani ya ji ko ciwon ciki, don ƙwayar ba ta sami lokaci ba tukuna. Ya ce, "Kai ka ba ta masauki, ka rufe mata ƙofa."

Maganar ta yi mini zafi, amma wallahi farin ciki ya fi yawa a raina da na hau keke. Na sami abin da zan wanke Gwaggo da shi. Laifin nawa ne, zan kuma faɗa da bakina, in sun ga dama su yi ta yi mini dariya har shekara. Abin da ban yi ba shi ne in zauna da ita in gaya mata tukuna. Na so in kawo mata abin a gama, kamar tsaraba. Na shigo gida na gaishe ta na wuce ɗaki ban ce komai ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sami dattawa a zauren mai-unguwa. Liman yana nan, Alhaji ma an fito da shi yana jingine da bango. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana kan abin da ya faru ranar Litinin." Aka ba ni dama. Na faro daga farko yadda malam ya yi mini, dalla-dalla kamar ina gaban allo. Na faɗi yatsan Gwaggo, na faɗi tsumman da ya jiƙe da romo, na faɗi ruwan ƙurjin da ƙwayar ke ciki, don ina son kowa ya gane sarai ba hannun mutum a ciki da gangan. Sannan na ce ita ta ce a soya, ni na hana, ni na sa aka rufe. Na ce in akwai wanda za a kama, ni ne.

Alhaji ya ce alhamdu lillahi, shi dama zuciyarsa ba ta taɓa yarda ba, a roƙa masa Gwaggo gafara. Liman ya yi addu'a. Laifina da na zo da shi a hannu ba wanda ya ko waiwaye shi, mai-unguwa cewa kawai ya yi yaro ne, kuma karatun zamani ya gaji haka. Ana shirin tashi sai wani tsohon maɗinki da ke bakin ƙofa ya ce, ba da ƙarfi ba, "Wato ruwan yatsa muka sha." Ya leƙa waje ya tofar da miyau. Na ga fuskoki biyu uku sun yamutse. Ban ɗauke shi komai ba, na fito ina jin na yi aikin kirki.

Na tsaya a hanya wurin wani abokina, don haka labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Gwaggo zaune a tabarma a tsakar gida, hannunta na dama cikin zane. Ban gama sallama ba ta ce, "Wa ya aike ka?"

Na ce, "Gwaggo, na wanke ki. Kowa ya yarda ba sammu ba ne. Alhaji ma ya ce a roƙe ki gafara."

"Ka wanke ni," in ji ta. Sannan ta ce, "Ka tsaya a gaban mazan unguwa ka ce na zuba musu ruwan ƙurji a miya."

Na ce ba haka na ce ba, na ce ƙwaya ce, ido ba ya ganinta, kowa ma yana iya ɗauke da ita, kuma na gaya musu ni na sa aka rufe. Ina ta zuba tana kallona.

Ta ce, "Ɗan nan, da ka bar ni da sammun. Mai sammu tsoronta ake ji. Yanzu ƙyamata za a yi."

Na so in ce ba haka ba ne, amma sai na tuna maɗinkin nan.

Yatsan ya warke cikin mako biyu, ko tabo bai bari ba. Zancen sammu ya mutu kamar ba a taɓa yi ba, wannan kam na yi nasara. Amma ba a sake aiko mata girkin taro ba, ko na gidan da suka fi kowa talauci. Na yi shekara talatin ina aikin tsabta bayan haka, duk mai abincin da na tsaya a kanta hannunta nake fara dubawa, kuma na san abin da na faɗa a zauren nan gaskiya ne. Ban yi nadamar gaskiyar ba. Abin da ke ci mini rai shi ne sau biyu a mako ɗaya na yanke wa matar nan hukunci ban tambaye ta ba, ita da ta fi ni sani duka biyun.

Kwana uku bayan Juma'ar, uwargidan Alhaji ta zo da wasu mata biyu neman gafara. Suka durƙusa, suka yi kuka, Gwaggo ta ce ta yafe duniya da lahira. Aka zauna ana hira kamar da. Ta tashi ta ɗauraye kwanon sha sau biyu, ta ɗebo ruwa a randa ta kawo musu. Suka ce sun gode, yanzu suka sha a gida. Ta tsaya da kwanon a hannu, sannan ta mayar ta ajiye.

Ta yi shekara goma sha ɗaya bayan haka. Har ta rasu ba ta ƙara miƙa wa wani abin ci ko abin sha da hannunta ba, in ba ni ba.